Martani: Manomin Aliero Ya San Gonarsa, Amma Wa Ya Ƙirga Asararsa?

A kwanakin baya wani marubuci daga cikin 'yan'uwanmu na ƙasar Gwandu ya yi rubutu mai zafi a kan cibiyoyin binciken tattalin arziki, ya fi ɗora alhaki a kan NISER da ke Ibadan. Maganarsa ta tsaya a kan abu uku. Ya ce kuɗin da gwamnati ke zubawa a irin waɗannan wurare asara ce, gara a rufe su a sayi taki a raba wa manoma. Ya ce manomin albasa a Aliero da dillalin hatsi a kasuwar Jega sun fi kowane farfesa sanin tattalin arziki. Ya kuma ce duk wata wahala da ta faɗo wa talaka, tun daga shirin gyaran tattalin arziki na SAP har zuwa cire tallafin mai, masu bincike ne suka rubuta ta a takarda kafin 'yan siyasa su aiwatar. Rubutun ya yi wa mutane daɗi, kuma ban yi mamaki ba, don wanda ya sayi fetur da tsada ya sayar da albasa da arha ba ya buƙatar a roƙe shi kafin ya yi fushi. Ni dai ina ganin Malam ya gano ciwon, amma maganin da ya rubuta zai ƙara wa majinyacin zafi.

Akwai inda nake tare da shi. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da ta sauya ma'auni, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin farkon 2023 ya dawo kashi 4.1. Haka hauhawar farashi ta sauka daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, ba don kwanon gero ya sauka a Maiyama ba, sai don an sake tsarin lissafin. Masana suna da bayanin da za su kare sauye-sauyen nan biyu, amma saurayin da ke zaune a tashar Jega yana jiran lodi ba zai yarda da kai ba idan ka ce masa mutum huɗu ne kawai cikin ɗari ba su da aiki. Duk da haka, Malam ya haɗa hukumomi biyu ya yi musu bulala ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ita ke tattara alƙaluma. NISER, wadda aka fara da ita a 1950 a matsayin cibiyar Afirka ta Yamma kafin ta zama ta Nijeriya a 1960, aikinta nazari ne da bai wa gwamnati shawara. Kuma waɗanda suka fara fitowa suka yi wa adadin 4.1 tankaɗe da rairaya, suka bayyana wa jama'a cewa mafi yawan waɗanda aka kira masu aiki buga-buga suke yi, masu binciken tattalin arziki ne, irin waɗanda Malam ke so a kora gida.

Sai batun cewa manomi ya fi farfesa sani. Ya fi shi sanin me? Idan maganar lokacin yayyafa iri ce, da dashe, da ranar da za a yanke wa albasa ruwa kafin a cire ta, da yadda ake gina rudu iska ta riƙa ratsa shi, babu farfesan da zai kama ƙafar dattijon Sabiyal ko Mungadi. Dillalin Jega kuwa yana iya gaya maka nauyin buhu da ido. Kasuwar nan ta girmi Nijeriya. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a farkon shekarun 1820 fatake ke sauke kaya a cikinta. Wannan ilimi ne na gaske, ba wanda ya isa ya raina shi. Amma abin da ke karya manomi a zamanin nan sau da yawa ba a gonarsa ake shirya shi ba.

A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka bar su a rufe har Disambar 2020. Mai shinkafa ya ji daɗi, mai albasar da ke da ciniki da Kwatano da Ghana ya ji a jikinsa. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, daidai lokacin da albasar rani ke fara fitowa, a kasuwannin da lebura da mai ɗinkin buhu da ɗan dako duk a hannu ake biyansu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, alhali noman rani a fadamun Jega da Maiyama da ƙaramin injin fetur ake yin sa. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka sake garƙame iyakar Nijar har Maris 2024. A Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150, kuma duk mai noman shinkafa ya ga yadda farashin samfarera ya kasance daga baya, alhali taki bai sauka ba.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da masu kare shi, wasu ma da hujja mai ƙarfi. Ba shari'arsu na zo yi ba. Tambayata ita ce: a lokacin da ake zaune ana yanke su, wa ya ajiye takarda a kan teburi mai nuna lita nawa ake ƙonawa kafin a fitar da buhun albasa ɗaya a Aliero? Wa ya ce ga yawan tirelolin da ke tashi daga nan zuwa kudu a mako, ga abin da direba ke biya a shingaye tsakanin Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora? Masu shigo da kaya suna da akantoci. Masu manyan masana'antu suna da ƙungiya mai sashen bincike. Bankuna suna da masana da suke biya albashi mai tsoka. Idan aka rufe cibiyoyin gwamnati, waɗannan ba za su rufe nasu ba. Za a ci gaba da yanke hukunci da alƙaluma, sai dai alƙaluman masu kuɗi ne kaɗai za su rage a ɗakin. Manomi ya san asararsa sarai, amma ministan kuɗi ba ya karanta ciwon zuciya, takarda yake karantawa.

Akwai tarihin da ya kamata Malam ya sani, don a ƙasar Hausa ya faru. Shekaru da dama malaman gona suna yi wa manomanmu kallon masu taurin kai saboda suna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Koyarwar da aka ɗauko daga Turai ita ce kowane amfani da gonarsa, a layi, shi kaɗai. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa wani ƙaramin sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda David Norman ya jagoranta. Ba su zauna a ofis ba. Sun ajiye ma'aikata a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin gidaje akai-akai har shekara ta zagayo, suna rubuta awannin da aka yi a gona, da abin da aka kashe, da abin da aka girbe. Daga baya aka yi irin wannan aiki a ƙauyukan Sakkwato da Bauchi. Da aka tattara lissafi, sai ya nuna manomi ne ke da gaskiya: haɗa amfani ya fi ba da riba a kan fili ɗaya, ya fi amfani da ƙarfin mutum a watannin Yuni da Yuli da noma ke matse kowa, kuma idan damina ta yi gardama ba a tashi hannu rabbana. Wannan sakamako yana cikin abin da ya sauya tunanin masu binciken gona a Afirka da wajenta, aka koma fara tambayar manomi kafin a kawo masa shawara.

Ka lura da abin da ya faru a nan, Malam. Manomin Hanwa ya san gaskiyarsa tun kaka da kakanni, amma ba a daina kiransa jahili ba sai da wani ya zo ya auna ya rubuta. Bincike ne ya zama shaidarsa a gaban hukuma. Haka aka yi a fadamar Haɗeja da Nguru a farkon shekarun 1990, inda masana suka lissafa abin da ruwan ambaliya ke samarwa ta noma da su da itace, suka nuna cewa ruwan ya fi daraja idan aka bar shi ya malala fadama fiye da idan aka tare shi don aikin ban-ruwa na Kano. Da an yi irin wannan lissafi da gaskiya kafin a gina madatsar Bakolori, aka kuma saurare shi, da wataƙila manoman fadamar da ke ƙasa da ita ba su yi asarar da suka yi ba, ba a ma maganar jinin da aka zubar a 1980.

A kan SAP kuwa, Malam ya manta rabin labarin. A 1985 gwamnatin Babangida ta buɗe muhawara a kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, aka fasa karɓar bashin amma aka kawo sharuɗɗansa ta bayan gida a 1986. Masana sun rabu gida biyu a lokacin. Daga cikin waɗanda suka fi tsayawa suna adawa akwai ƙungiyar malaman jami'a, wadda ɗan Jega, Farfesa Attahiru Jega, ya shugabanta daga 1988 zuwa 1994, har gwamnati ta haramta ta. Da bincike suka yi faɗan, ba da zagi ba. Idan za a ɗora wa masana laifin SAP, to a ba su ladan yaƙar ta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015. Ba zan ce bai yi komai ba. Noman shinkafar rani ya bunƙasa, an buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, ta Labana na aiki a Birnin Kebbi, an kai shinkafar Kebbi mai suna Lake har Legas. An yi dalar shinkafa a Zauro a 2021, an yi a Abuja a farkon 2022. Kuɗin da aka fitar a ƙasa baki ɗaya ya haura naira tiriliyan ɗaya. Amma da aka zo tambayar nawa aka biya, IMF ta ce kashi 24 cikin ɗari, Babban Banki ya ce kashi 52. Kuɗin jama'a mai yawan haka, kuma hukumomi biyu sun kasa haɗuwa a kan adadi ɗaya. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi ta kuma yi wa Jega mummunar ɓarna, ta bar manoma na gaske da bashin da ba su da hanyar biya, yayin da kowa a garuruwan nan ya san akwai waɗanda suka karɓi kayan ba su da ko taƙin gona. A takarda duk sunansu ɗaya, waɗanda ba su biya ba. Da akwai wata cibiya mai zaman kanta da ta bi sawun waɗanda suka karɓa tun daga kakar farko, mazaɓa bayan mazaɓa, da an raba mai gaskiya da ɗan ci-da-ceto, da an gyara shirin maimakon a wayi gari sabon shugabancin Babban Banki ya dakatar da irinsa gaba ɗaya. Ƙarancin bincike ne ya cuci shirin, ba yawansa ba.

Maganar a sayi taki da kuɗin kuwa ba ta da tsawo. Ƙidayar noma ta 2022 ta samu gidajen manoma kusan miliyan 40 a Nijeriya. A raba musu kasafin NISER na shekara, kowane gida ba zai samu kuɗin mudun taki ba. Ko da ya isa, wa zai tantance wanda ya karɓa? Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006?

To amma kada NISER da ire-irenta su ɗauka na zo wanke su. Laifinsu yana nan, sai dai ba shi ne wanda Malam ya karanto ba. Hedikwatar cibiyar tana Ojoo, a arewacin Ibadan, ba nisa da kasuwar Shasha inda albasa da tumatir na Arewa suka daɗe suna sauka. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar, aka yi asarar rayuka da dukiya, 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya kudu na wasu kwanaki, sannan a Yunin shekarar ƙungiyar masu albasa ta yi nata yajin saboda asarar da 'ya'yanta suka yi a kudu maso gabas. A makonnin nan albasa ta yi tsada a Legas ta kuma rasa mai saye a Aliero. Darasin tattalin arziki ke nan a ƙofar gida. Idan an yi nazarinsa, sakamakon bai iso kunnen masu abin ba, kuma binciken da wanda aka bincika bai taɓa jin labarinsa ba ya yi rabin aiki ne kawai. Ana rubuta rahoto da Turanci mai nauyi, a gabatar da shi a otal a Abuja, a raba wa mahalarta jaka da biro, a watse. Wannan shi ne abin da ya dace a yi wa faɗa.

Ka duba ko da batun ruɓewar albasa a ajiya. Duk taron da aka yi sai wani ya tashi ya ce kashi 30 ke lalacewa, wani ya ce 40, wani ya ce rabi. Tazara tsakanin kashi 30 da 50 ita ce tazara tsakanin ribar ajiya da karyewar jari. Albasa tana arha a watannin Maris da Afrilu lokacin da kowa ya cire, tana tsada wajen Nuwamba da Disamba. Tambayar da ke gaban kowane manomi ita ce ya sayar yanzu ko ya zuba a rudu, kuma tambayar da ke gaban gwamnati ita ce ko gina ɗakunan ajiya na zamani zai mayar da kuɗinsa. Ba a amsa ko ɗaya da ƙiyasi. Ana amsa su da sikeli: a auna abin da aka zuba, a auna abin da aka kwashe, a rudu da yawa, shekara bayan shekara. Haka batun injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da gwamnatin jiha ta raba. Tunani ne mai kyau. Amma nawa ne ke aiki har yanzu, a hannun wa suke, kuma nawa suka rage wa mai su a kan kuɗin fetur? Amsar ita za ta nuna ko a ƙara saye ko a sauya hanya.

Maƙwabtanmu na Nijar, da ƙarancin abin hannunsu, sun riga mu a nan. Suna da hukumar da ke aika ma'aikata kasuwanni su rubuta farashin hatsi da sauran amfanin gona a kai a kai, ana kuma sanar da shi ta rediyo. Saboda an daɗe ana tara alƙaluman, wata mai bincike, Jenny Aker, ta iya nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Albasar Galmi ce babbar abokiyar gasar ta Aliero a kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma masu ita suna da tarihin farashinta a rubuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Malam ya tsallake jami'ar da ke Aliero ya tafi neman faɗa Ibadan. Tun 2006 aka kafa ta, yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tana da tsangayar aikin gona, kuma gonakin albasa sun kewaye ta. Babu abin da zai hana ta buɗe ƙaramin sashe irin na Samaru. Aikin ba ya buƙatar sabon gini. Ɗalibai kaɗan da sikeli da littafi da kuɗin mota: kowace ranar kasuwa a Aliero da Jega da Maiyama a rubuta farashin albasa da tattasai da gero da samfarera, da kuɗin taki da fetur da ladan lebura, da yawan motocin da suka yi lodi da inda suka nufa. A zaɓi gidaje a ƙauyuka irin su Kimba da Andarai da Sambawa a riƙa bibiyarsu daga yayyafi zuwa sayarwa. A karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyon jiha duk mako, a kai wa ƙungiyar manoma kwafi kafin a kai wa kwamishina, don idan adadi ya yi ƙarya masu abin su ƙaryata shi nan take. A kuma ba sashen kariya, ta yadda ranar da lissafi ya ɓata wa gwamnati rai ba za a tsayar da kuɗinsa ba. Bayan shekara biyar, ɗan majalisar da ke wakiltar Aliero da Jega da Gwandu zai tashi a Abuja da takarda a hannu, ba da rantsuwa kawai ba.

Lokacin ma ya dace. Tun Agustan 2023 tsohon gwamnan jihar nan, Atiku Bagudu, ke riƙe da ma'aikatar kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki, wadda NISER da Hukumar Ƙididdiga ke ƙarƙashinta. Ya san fadamun nan, a zamaninsa aka ƙaddamar da bashin manoma, ya ga inda shirin ya yi kyau da inda ya zube. Babu wanda ya fi shi sauƙin haɗa Ojoo da Aliero.

Don haka, Malam, ka ajiye kiran a rufe. Ka juya alƙalaminka mai kaifi ka tambayi shugabannin jami'ar Aliero dalilin da ya sa har yau manomi ba ya jin farashin albasa daga bakinsu. Ka tambayi Majalisar Dokokin Jihar Kebbi da wane lissafi take amincewa da kasafin aikin gona duk shekara. Ina kuma kira ga Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, wanda malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, da ya sanya kuɗin wannan sashe a kasafin da ke tafe, a fara rubuta farashi kafin a cire albasar rani mai zuwa.